Zazzagowar Mahaifa: Ciwon Da Iyayenmu Mata Ke Ɓoyewa A Ƙasar Gobir

 An ɗauki shekaru duk lokacin da sunan Isa ko Sabon Birni ya fito a jarida, labarin ɗaya ne: an kai hari, an sace mutane, an ɗora wa gari haraji, an tare hanya. Gaskiya ce, kuma ba za mu gaji da faɗarta ba. Sai dai a ƙarƙashin wannan babbar masifa akwai waɗansu da ba su da ƙarar bindiga, shi ya sa ba mai jin motsinsu. A yau zan ɗauki ɗaya daga cikinsu, wadda ta shafi iyayenmu mata da matanmu na aure a Turba da Bafarawa da Gatawa da Kurawa da sauran garuruwan gabashin Sakkwato, wato zazzagowar mahaifa. Na san magana ce mai nauyi a baki, amma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. A ƙasan ƙugun mace Allah Ya shimfiɗa tsokoki da jijiyoyi masu kama da ragar da ake rataye ƙwaryar nono a cikinta. Su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Idan wannan raga ta saki, sai abin da take riƙe da shi ya gangaro ta hanyar haihuwa. Wata mafitsararta ce ke dannowa ta gaba, wata hanji ne ke dannowa ta baya, wata kuma mahaifar ce ɗungurungum ke saukowa, sau da yawa ma sukan haɗu. Tun 1996 likitocin mata suka amince da ma'auni guda da ya kasa ciwon zuwa matakai huɗu. A mataki na ɗaya abin yana can ciki, mai shi ma ba lalle ta sani ba. A na biyu ya iso bakin ƙofa. A na uku ya leƙo waje. A na huɗu kuwa ya fito gaba ɗaya yana reto tsakanin cinyoyi.

Mai wannan lalura takan ji nauyi a mara, kamar wani abu zai faɗo, ko kamar ta zauna a kan ƙwallo. Da safe da sauƙi, da yamma bayan aikin yini sai ya tsananta, in ta kwanta ya koma. Fitsari yakan ƙi fita duka, har sai ta sa hannu ta mayar da abin ciki kafin ta samu sa'ida, wata kuma fitsarin ne ke kufce mata in ta yi tari ko atishawa. Bayan gida yakan yi wuya. Idan abin ya daɗe a waje, zane yana gogarsa, sai ya bushe, ya yi gyambo, ya riƙa fitar da jini da ruwa mai wari. A mataki na ƙarshe yana iya lanƙwasa hanyoyin da ke kawo fitsari daga ƙoda, har ƙodar ta taɓu.

Dalilan da ke kawo shi kuwa, in mutum ya jera su sai ya ga kamar tarihin rayuwar macen karkara ake karanta masa. Na farko yawan haihuwa kusa da kusa, da doguwar naƙuda, da yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danna ciki da hannu wai don a taimaki jariri ya fito. Sannan aikin ƙarfi: daka da surfe da sussukar gero, jan guga daga rijiya mai zurfi, ɗaukar jarka da damin itace a ka, galibi tun mai jego ba ta yi arba'in ba. Sai tsohon tari, wanda hayaƙin murhu ke ƙara wa ƙarfi, da taurin bayan gida, da tsufa, domin bayan ɗaukewar al'ada naman wurin yakan yi rauni. Akwai kuma waɗanda gado ne, namansu ba shi da ƙwari tun asali. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato mace takan haifi 'ya'ya 7 a tsawon rayuwarta in an yi raba-daidai, kuma cikin haihuwa goma, wadda ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikakkiya ba. Duk wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma da aikin da matan fadamun Rima ke yi, ba sai an gaya masa ciwon yana nan da yawa ba.

Ƙasashen da rayuwarsu ta yi kama da tamu sun ƙirga nasu. A wani bincike da aka buga a 2002, an duba mata sama da 1,000 a ƙauyukan Gambiya, aka tarar kashi 46 cikin 100 suna da wani mataki na ciwon, kashi 14 kuma nasu ya kai a yi musu magani na sosai. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike daga ƙasashe masu tasowa ya kiyasta kusan mace ɗaya cikin biyar. A ƙasar Nefal, inda mata ke hawa duwatsu da kaya a baya, lamarin ya kai har gaban Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2008 cewa kula da masu wannan ciwo nauyi ne a kan gwamnati. Mu a nan ko sunansa ba ma iya kamawa a zaure.

Wannan ciwo ba kasafai yake kisa ba, shi ya sa aka raina shi. Amma a dubi abin da yake ci. Yana cin sana'a, domin mai ƙuli-ƙuli ko mai fura da ba ta iya tsayuwa a bakin turmi jarinta ya karye. Yana cin zumunci, domin mai tsoron a ji wari a jikinta takan daina zuwa biki da suna da ta'aziyya, a ce ta faye girman kai. Yana cin aure, domin takan riƙa guje wa shimfiɗar mijinta ba tare da ta iya faɗin dalili ba, shi kuma ya fassara abin da ƙiyayya, ya juya wa ɗakinta baya, ko ya miƙa mata takarda. Yana taɓa ibada, domin takan zauna cikin kokwanton tsarki, wata har ta bar salla tana kuka, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da sauƙaƙa hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, kuma Risalar da ake karantawa a kowace makarantar zaure ta yi maganar. A ƙasar Gobir ta yau kuma akwai ƙarin wani abu da littattafan likitanci ba su rubuta ba: idan aka ce ga su nan tafe da tsakar dare, kowa ya ranta a na kare, yaya dattijuwar da mahaifarta ke waje za ta yi gudu cikin gona da jika a baya? Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, da yawansu a ƙasa. Allah kaɗai Ya san mata nawa ne suka yi wannan tafiya da wannan kaya.

To, abin da nake son kowane mai karatu ya riƙe shi ne, ciwon nan yana da magani, maganin kuma hawa-hawa ne, ba lalle sai an kai ga wuƙa ba.

Hawa na farko shi ne rage wa ragar nauyi da ƙarfafa ta. A rage ɗaukar kaya, a magance tari, a gyara ciki da shan ruwa da cin ganye irin su zogale da rama don bayan gida ya yi laushi. Sannan akwai motsa tsokar ƙasan ƙugu, dabarar da wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948: mace ta matse wurin kamar mai riƙe fitsari da tusa a lokaci guda, ta ƙirga daƙiƙu kaɗan, ta saki, ta maimaita sau da yawa, sau uku a yini. Ba a sayen komai, ana yi a zaune ana tsince shinkafa. Wani babban gwaji da mujallar Lancet ta buga a 2014 ya tabbatar da cewa matan da aka koya wa wannan motsi ɗaya bayan ɗaya sun samu sauƙin alamomin ciwon. Sai dai yana son haƙurin wata huɗu ko fiye, kuma amfaninsa ya fi yawa a mataki na ɗaya da na biyu. Abin da ya riga ya fito waje, motsi kaɗai ba zai mayar da shi ba.

Hawa na biyu shi ne wanda nake ganin ya fi dacewa da halin da muke ciki, kuma shi ne aka fi jahilta. Wani zobe ne na roba mai laushi, likitoci suna ce masa fesari, faɗinsa kamar na awarwaron yarinya, girma-girma ne. Ana mayar da mahaifa mazauninta, a naɗe zoben a saka, ya buɗe a ciki ya tokare ta. Ba allurar barci, ba yanka, ba kwanciya asibiti. In an dace da girman da ya yi daidai, mai shi ba ta ma jin yana nan, za ta yi fitsari, ta yi aikinta, ta sadu da mijinta. Wadda ke son ƙarin haihuwa ba ya hana ta, tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki tiyata ba ya ishe ta, wadda ke jiran tiyata kuma yana ba gyambonta damar warkewa. Ga waɗanda al'adarsu ta ɗauke akan haɗa da wani man shafawa da ke ƙarfafa fatar wurin. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma babba ne: a riƙa ciro shi ana wankewa ana duba wurin, aƙalla duk bayan wata uku zuwa shida. Zoben da aka manta da shi shekara da shekaru yana iya cin nama har ya huda mafitsara, a je neman ƙiba a samo rama. Amma wani gwaji da aka yi a Birtaniya a 'yan shekarun nan ya nuna matan da aka koya wa cirewa da mayarwa da kansu sun ji daɗin rayuwa daidai da masu zuwa asibiti, matsalolinsu ma sun fi kaɗan. Matar da ta iya yi wa jaririn kwana ɗaya wanka, wanke zobe ba zai gagare ta ba.

Kada in yi wa zoben kirarin da ya wuce shi. A wani gwaji na ƙasar Holan da aka buga a 2022, an raba mata gida biyu, waɗansu zobe waɗansu tiyata. Bayan shekara biyu, kusan kashi 76 cikin 100 na rukunin zobe sun ce sun samu sauƙi sosai, na rukunin tiyata kuwa kusan kashi 82, sannan fiye da rabin waɗanda suka fara da zobe daga baya sun zaɓi a yi musu aiki. Ke nan tiyata tana da matsayinta. Amma matar Holan asibiti na bakin ƙofarta. Ga matar Turba, zoben da zai ba ta shekara biyu ko biyar tana tafiya da ƙafarta, tana salla da natsuwa, kafin hanya ta buɗe, ba ƙaramar rahama ba ce.

Hawa na uku shi ne tiyata, ita ma iri-iri ce. Akwai ɗinke bangon gaba ko na baya da ya saki. Akwai cire mahaifa ta ƙasa ba tare da an tsaga ciki ba, a ɗaure saman wurin da jijiya mai ƙarfi don kada shi ma ya biyo baya. Akwai aikin da ake barin mahaifa, kamar wanda aka faro a birnin Manchester na Ingila a 1888, inda ake rage tsawon wuyanta a ɗaure ta, ko wanda ake rataye ta ga wata jijiya ta cikin ƙugu. Akwai kuma na likitan Faransa Le Fort, tun 1877, wanda ake rufe mafi yawan hanyar, wannan na tsofaffi ne da suka tabbata sun gama da zaman aure. Kowanne yana da farashinsa. Cire mahaifa yana kawo ƙarshen al'ada da haihuwa, amma ba ya hana mu'amalar aure, saɓanin abin da ake raɗawa a tsakar gida. Wadda aka bar wa mahaifa in ta samu ciki, yawanci sai dai a ciro mata ɗan ta hanyar tiyata. Bayan kowane aiki sai an huta da ɗaukar kaya mako shida ko fiye, kuma ciwon yana iya dawowa, musamman ga wadda ta koma bakin turmi da wuri. Akwai darasi kuma daga Turai da Amurka, inda aka yi yayin dasa wata ragar roba ta hanyar gaba, har ta jefa dubban mata cikin azaba. Ingila ta dakatar da ita a 2018, hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da ita don wannan aiki a watan Afrilun 2019. Abin da suka tofar kada a kawo mana shi da sunan agaji.

A nan ne nake son likitoci da mazaje su saurare ni. Zaɓi tsakanin waɗannan hanyoyi na mai jikin ne. A ƙasar da darajar mace a gidan miji ke rataye da haihuwa, matar da ba ta wuce shekara 28 ba in ta ji cewa asibiti cire mahaifa ake yi, to ba za ta je ba, gara ta ci gaba da tura tsumma. Da za a gaya mata akwai zobe, akwai aikin da ke barin mahaifa, da ta zo tun ciwon yana ɗanye. Haka kuma ba daidai ba ne a yi shawara da miji a baranda, a shigo a sanar da ita abin da aka yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura tambayar inda ake samun maganin. Ƙwararrun likitocin mata suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a birnin Sakkwato. Akwai cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa a Babbar Ruga, Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki yana horar da likitoci. A ƙetaren iyaka akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, da asibitin Galmi. Duk waɗannan suna nan, amma tsakaninsu da matar Turba akwai hanya. Wanda ya san hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi, wanda bai manta da matafiyan Sabon Birni da aka ƙona cikin mota a watan Disamban 2021 ba, wanda ya ga yadda aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanya a 2024 har ya rasa ransa a hannun 'yan bindiga, ba zai zargi magidancin da ya ce wa matarsa ta ƙara haƙuri ba. Idan sarki bai tsira a hanya ba, wace ce talaka mai ciwon da ba a gani? Tunda mara lafiya ba ta iya zuwa wurin magani, wajibi ne magani ya zo wurinta, kuma cikin hanyoyin nan uku, biyu suna shiga jakar ungozoma.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da hukumar kula da lafiya a matakin farko da su horar da ungozomomin asibiti da ma'aikatan lafiya mata na manyan asibitocin Isa da Sabon Birni, da na ƙananan asibitocin da har yanzu ke buɗe, a kan gane ciwon, da koyar da motsin ƙugu, da auna zobe da saka shi. Horon kwanaki ne, ba na shekaru ba. A ajiye zoben girma-girma a kantin magani kamar yadda ake ajiye gidan sauro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, irin wannan aiki aka yi ta dominsa. Na biyu, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin aikin yoyon fitsari kyauta ta hannun hukumar inshorar lafiya, kuma a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Abin a yaba ne. Zazzagowar mahaifa 'yar ɗaki ɗaya ce da yoyon fitsari, naƙuda guda ce ta haife su, likita guda ke gyara su, ya kamata a sa ta cikin wannan rabo. Na uku, a riƙa kai tawagar likitoci da rakiyar jami'an tsaro zuwa garin da ya fi aminci a yankin, sau biyu a shekara, a yi wa waɗanda ungozomomi suka riga suka tantance aiki, a bar wanda zai bi sawunsu bayan an tafi. Na huɗu, a wurin awon ciki da rigakafin yara, ma'aikaciya ta riƙa tambayar uwa a keɓe ko tana jin wani abu na saukowa, ta rubuta. Ciwon da ba ya cikin rajista ba ya shiga kasafin kuɗi.

Wani zai ce, a yankin da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara na fama da tamowa, ina ake ta ciwon da ba ya kisa? Amsa ita ce ungozomar da za ta hana doguwar naƙuda ita ce dai za ta saka zoben, ba wani sabon gini ake nema ba. Kuma uwar da ta kasa tsayuwa, wa zai yi wa yaran nan dahuwa, musamman a gidajen da aka kashe maigida ko ya tafi ci-rani?

Sauran aikin namu ne. Magidanci ya sani cewa kuɗin niƙa a inji da ɗan jakin ɗebo ruwa magani ne, barin mai jego ta huta arba'in ɗinta magani ne, ba da tazara tsakanin haihuwa magani ne, barin ta ta haihu a hannun ƙwararru shi ne babban rigakafi. Uwar miji ta sani cewa jarumtar haihuwa a bayan ɗaki ba tare da an ji ko tari ba, ita ce ke jawo kukan ɓoye bayan shekara ashirin. Duk macen da ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke kuwa, ta gaggauta zuwa a duba ta, domin wani lokaci abin ya wuce zazzagowar mahaifa. Malamanmu da Gidan Rediyon Rima su ba wannan magana fili. Ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar nan: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da girmansa da iliminsa, ya zauna ya rubuta littafi a kan cutar basir da magungunanta, bai ce abin kunya ne ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi har cikin ɗakunansu, domin ta san akwai maganar da mace ba ta faɗa wa kowa sai 'yar'uwarta mace. Malaman Islamiyya mata da ungozomomin gargajiya na yau su ne magadan wannan aiki, in an ba su sani za su kai shi inda mota ba ta zuwa.

Kai mai karatu, akwai yiwuwar a gidanku akwai wata Inna ko Gwaggo da ta rage fita, ta koma salla a zaune, kullum amsarta ita ce ciwon baya. Ba kai za ka tambaye ta ba, kunya ba za ta bari ba. Karanta wa matarka ko ƙanwarka wannan shafi, ita ta san yadda za ta shiga ɗakin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.